Rabin Ƙyalle a Kan Tuta

Ranar da Atumane ya kai zanen tutar garinmu shagon ɗinki, Muanacha ce a kan keke. Baƙin jami'an da aka turo daga birnin Pemba ne suka zaɓi zanen nasa: shuɗin teku, tambari a tsakiya, tauraro a sama, jirgin masunta a ƙasa. Ta karɓi takardar ta daɗe tana kallo. Sai hawaye.

"Har haka ya yi muni?" ya ce.

"A'a. Na gode."

Bai gane ba, bai kuma tambaya ba. Mutumin Montepuez ne, nesa da ruwa, fentin alluna ya kawo shi. Kullum sai ya zo duba ɗinki, ko da babu abin dubawa.

"Telata, yau allura ta soke ki? Ni tun safe wani abu ke sukana a ƙirji."

"Ɗan tudu, je ka sha magani. Amma ka biyo ta shago tukuna."

Selemane mai jirage ya daɗe yana nemanta. Shi ya ɗauki hoton tutar a waya ya kai wa mahaifinta, Baba Abudo.

A garinmu jirgi ba ya shigowa da ƙyallen iskarsa a sauke rabi sai in gawa ya ɗauko. Haka aka kawo Ussene, yayan Muanacha, bara. Haka kuma Atumane ya zana jirgin.

Baba Abudo ya sa aka kira shi. Yana gyaran raga, bai ɗago ba.

"Kai ne za ka rataya wa gari makoki a kan sanda, sannan ka zo neman 'yata?"

Muanacha ta fito da sauri. "Baba, don Yaya Ussene ya yi. Don duk waɗanda teku ya ci. Faɗa masa, Atumane."

Selemane na jingine da bango yana jira.

Sai yanzu Atumane ya san kukan me ta yi. Kalma ɗaya ce. In ya ce e, an gama. Ya dubi idonta.

"Ban san al'adar ba, Baba. Tauraron ne ya cinye wuri, sai na rage ƙyallen."

Muanacha ta juya ta shige ciki.

"Tauraro!" Selemane ya tuntsire da dariya. "Baba, ka ji suruki."

"Ku fita min. Ku duka."

Ta daina ɗaga waya. Ya wuce ta gaban shago, ta sauke labule. Daga baya ya rubuta:

"Telata, da na ce e, da kin aure ni don abin da ban yi ba. Ba ni da hikimar da kika zata. Son dai gaskiya ne."

Sai da la'asar amsa ta zo.

"Na yi kuka a gabanka a banza. Haushinka nake ji. Ka ci abinci?"

Ana gab da bikin ɗaga tuta, Baba Abudo ya tsaya a ƙofar ɗakin Atumane da sassafe.

"Tashi. Mutum ba ya zana abin da hannunsa bai taɓa ba."

Suka fita teku. Atumane ya yi amai har ya rasa abin amayarwa. Igiya ta yanka masa tafi. Tsohon bai taimaka ba.

"Ja. Har ƙoli."

Ya ja. Iska ta cika ƙyallen, jirgi ya zabura.

A hanyar dawowa Baba Abudo ya nuna ruwan da haɓa. "Da ka yi ƙarya da sunan ɗana, da can zan bar ka yau." Ya juyo gare shi. "Ka turo manyanka."

Atumane ya sake zanen da hannu a naɗe. Muanacha ta warware ɗinki tana harararsa, shi yana riƙe mata zare. Tuta ta hau da cikakken ƙyalle, masunta suka yi tafi.

Juma'ar da ta biyo baya aka ɗaura aure. Mata suka cika rairayin bakin teku da rawa da guɗa, aka ci shinkafar kwakwa da kifi. Selemane ma ya zo, ya ci, ya tafi.

Baba Abudo ya haɗa hannayensu cikin nasa.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka. Amma kai, kada ka sake hawa jirgina. Har yau wankewa ake yi."

Duk rairayin ya amsa da amin.