Daso Ta Sauka Lafiya

Ina da wata 'yar matsala. Da zarar an fara yi mini bayanin kimiyya, sai barci ya kwashe ni, ido buɗe, ina gyaɗa kai. Shi ya sa Garzali ya ɗauka duk Greensboro, a nan Amurka, ba wanda ya fahimce shi kamata.

Garzali ɗan Kano ne, yana karatun injiniya. Ya fara ganin Ramlatou, ɗiyar yayata, a wajen wani suna a 2003, makon da aka harba wa Najeriya tauraron ɗan adam na farko. Yana tsaye gaban dattawa da cokali a hannu, yana nuna yadda rokar Rasha ta ɗauki tauraron, yana rantsuwa wata rana da tamu za mu harba. Ramlatou ta zo ta miƙa hannu.

"Malam, in rokar ta gama tashi, a ba ni cokalina."

Cokali ya koma kicin, hankalin Garzali ya bi shi.

Mahaifinta, Alhaji Zabeirou, mutumin Damagaram, bai so ba. "Bon, mene ne sana'ar yaron nan? Wasan wuta a gonar mutane?" Da gaskiyarsa, don duk Asabar Garzali da abokinsa Uwaisu suna can wani fili a McLeansville suna harba ƙananan rokoki da suka haɗa da hannunsu, kafin ƙasa ta neme su. Ni na tsaya masa. Na ce yaro ne mai ilimi, ya yi mini bayanin komai.

Saƙonni suka fara yawo.

"Tauraruwata, kin tashi lafiya?"

"Wace tauraruwar? Ni, ko taku ta Najeriya?"

"Waccan duniya take zagayawa. Ni layinku nake zagayawa."

"Ban da ranar Asabar."

Ramlatou tana kishin Asabar kamar mutum. Don haka wata Asabar ɗin ya bar wa Uwaisu harbi, ya kai ta cin abinci, ni kuma na bi su rakiya, don kare mutuncin gida da kuma kaza. Ya tashi wanke hannu, ya bar wayarsa a tebur. Saƙon Uwaisu ya shigo, ta buɗe.

"Barka! Daso ta sauka lafiya, ba wata matsala. Ka ga kyanta kuwa?"

"Tonton, wace ce Daso?" Haka take ce mini kawu, da Faransanci.

"Ban san ta ba. Amma dai a Kano in aka ce mace ta sauka..."

"Na iya Hausa, Tonton!"

Ta ɗauki jaka ta fice. Garzali ya dawo ya same ni ina taimaka wa farantinta. Kafin ya zauna saƙonta ya iso.

"Barka da ƙaruwa. Namiji ne ko mace?"

"Ban gane ba, tauraruwata."

"Kar ka ƙara kira na haka. Je ka riƙe wa Daso jariri."

Ta daina ɗaukar wayarsa. Alhaji ya ce, "Voilà!" ya ce kada ya ƙara ganin ƙafar yaron a gidansa, ya kuma fara yabon wani ɗan amininsa a duk zaman cin abinci. Ramlatou tana jin yabon tana kuka, tana tambayata ko Daso fara ce.

Ran Juma'a Garzali ya yi sallama da wani dogon bututu a kafaɗa, gindinsa ya sha wuta, lema tana reto a jikinsa. An rubuta DASO da jan fenti. Ya durƙusa ya ajiye shi gaban Alhaji.

"Baba, ga mai jegon. Ta tashi, lemarta ta buɗe, ta sauka lafiya. Kawu ma ya san ta, tun watan jiya na gaya masa sunanta."

Kowa ya juyo ya dube ni. Na gyaɗa kai, tunda abin da na iya ke nan.

Ramlatou ta leƙo daga bayan labule, ido jajur. "To me ya sa Daso?"

"Sunan kakata ne. Ta gaba Ramlatou zan sa mata."

"Kar ka soma. In ta maƙale a bishiya, duk gari a ce ni ce."

Alhaji ya juya bututun, ya shinshina, ya ce aƙalla wannan ba ta cin abinci. Daga nan bai ƙara ambaton ɗan amininsa ba.

An ɗaura aure da bazara, aka yi walima a Pleasant Garden. Amarya ta yi kyau, ango ya wuni bai ce roka ba ko sau ɗaya. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, masu ilimin da ba ya sa kawu barci.

Mahaifiyar ango ta zo daga Kano. Na je gaishe ta, na ce a miƙa gaisuwata ga Hajiya Daso, kakar ango.

Ta ce kakanninsa mata biyu ne, Rahina da Kaltume, ba Daso a ciki.