Littafin da Yaya Ta Mayar

Wata yarinya ce 'yar firamare, kowa Auta yake kiranta. Mahaifinsu ya rasu tun tana goye. Mamarsu yadi take sayarwa a kasuwa. Ba a cin ta a ciniki, kuma ba ta roƙon kowa.

Yayar Auta ta gama karatun likita. Saura jarrabawa ɗaya, wadda sai an ci ta ake ba mutum izinin duba marasa lafiya. Bara Yaya ta zauna, ta faɗi. Ba lalaci ba ne. Mantuwa ce ke damunta. Abin da ta karanta da safe, kafin la'asar ya zube.

Da jarrabawar ta sake matsowa, gidan ya koma na Yaya. Teburin bakin taga nata. Kujera mai taushi tata. In Auta ta ɗauko waƙa, Mama ta ce a yi shiru, likita na karatu. Ranar da Auta ta zo ta ɗaya a lissafi, Mama ta ce madalla, ta aike ta kai wa Yaya ruwa. Ko takardar ba ta duba ba.

Abin ya tsaya wa Auta a rai.

Wata rana suka je shagon littattafai su uku. Mai shago ya fito da biyu. Ɗaya mai kauri kamar bulo, rubutu cunkushe. Ɗayan siriri, cike da zane-zane. Ya ce a sayi duka.

Mama ta ce, "Malam, ko yadi sai an taɓa an ja ake saye. Ba mu su mu gwada. Wanda ya zauna mata a kai shi za mu ɗauka."

Ya ce shi bai taɓa jin wannan ciniki ba. Mama ta gyara mayafi ta nufi ƙofa. Sai ya kira ta. Ya yarda, amma da sharaɗi: wanda aka mayar ya tafi ke nan, babu canji.

A gida Yaya ta karanta babi guda a kowane littafi. Washegari ta kira Auta. Kowane babi yana da tambayoyi a ƙarshensa, amsoshin kuma suna bayan littafin.

"Ke za ki zama malamata yau," in ji Yaya. "Ki yi mini tambaya, ki duba amsa. Inda na fi ci, shi zan riƙe."

Suka fara da mai zane. Yaya tana amsawa tana murmushi, kuma tana ci. Auta ta dubi teburin, ta dubi kujerar. Ta ce a ranta, in ta ci jarrabawar nan, wa zai sake tunawa da ni?

Sai ta ce, "Kin faɗi."

Tambaya ta gaba ma ta ce an faɗi. Da suka koma kan mai kauri, Yaya ta yi ta canki-canki. Auta tana cewa, "Daidai."

Yaya ta dubi littafin mai zane. Ta ce ita da ta ɗauka mai zanen ya fi zama mata.

"Ai ba ni na rubuta amsar ba, Yaya."

Da yake Yaya ba ta yarda da ƙwaƙwalwarta ba, sai ta yarda da ƙanwarta. Aka mayar da mai zane.

Da farko Auta ta ji sanyi. Amma sanyin bai daɗe ba. Yaya ta duƙufa kan bulon nan, ba abin da ke zama. Ta rame. Ta daina tsokanar Auta, ta daina yi mata kitso. Wata safiya Auta ta ji ta tana gaya wa Mama cewa ta haƙura, kanta ba na likita ba ne. Mama ta koma ɗaki. Ranar ko kasuwa ba ta fita ba.

A makaranta aka raba takardun gwaji. Auta ta ga an soke mata amsar da take daidai. Idonta ya cika. Ta kai wa Malama. Malama ta duba, ta gyara, ta ba ta haƙuri.

"Gara da kika zo," in ji Malama. "Da kin yi shiru, da kin tafi kina zaton ba ki iya ba."

Auta ta koma kujerarta tana tunanin Yaya. Yaya ba ta da wurin kai ƙara, don a hannun Auta amsar take.

Tana isa gida ta durƙusa gaban Mama da Yaya ta faɗi komai. Yaya ta juyo gare ta.

"Me na yi miki, Auta?"

"Ba komai. Kowa ke yake gani."

Mama ta miƙe ta ɗauki mayafi. Ta ce Auta ta ɗauko bulon ta biyo ta.

Mai shago ya tuna musu da sharaɗi. Mama ta ce ta sani. Ta sa Auta ta maimaita abin da ta yi da bakinta. Sannan matar nan da ba ta roƙon kowa ta sunkuyar da kai ta ce, "Don Allah, Malam, ka taimaka."

Wannan ya fi wa Auta bulala zafi.

Mai shago ya yi dariya. Ya ce tun da yau ya ji "don Allah" daga bakin da ya hana shi riba, ya ci kasuwa. Ya miƙo mai zanen.

A hanya Mama ta kama hannun Auta. Ta ce ita ma da laifinta, in sun isa a kawo mata takardar lissafin nan.

Daga ranar Auta ce malamar Yaya. Tana tambaya, tana faɗin gaskiya. In Yaya ta faɗi, su koma kan zanen. Wani lokaci Yaya ta zana ƙasusuwa a hannun Auta da biro, suna dariya.

Yaya ta ci jarrabawar. Sai ta fara rungume Auta, sannan Mama.

Yara, in aka ba ku amana, ku faɗi gaskiya ko da ranku a ɓace yake. Cin nasarar 'yar'uwarku ba ya rage muku komai.