Hijabin Da Ya Hana Auta Waiwaye

Keken ɗinki na ta ƙara a ɗakin Umma lokacin da Auta ta yi sallama ta shiga. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, Umma ta amsa ba tare da ta ɗauke ƙafa daga kan keken ba. Dogo, ɗan Umma tilo kuma wanda zai auri Auta, yana tsaye bakin ƙofa yana sosa ƙeya kamar wanda ya yi ɓarna.

"Faɗa mata mana," in ji shi ƙasa-ƙasa.

Auta ta ɗago kai. "Umma, asibiti sun ɗauke ni aikin ungozoma. Sai dai a ƙauyuka ne, inda mota ba ta shiga. Za su ba ni babur, amma sai na kawo lasisi—"

Keken ya tsaya cak.

"Za su ba ki me?"

Duk unguwar an san tsakanin Umma da babur. Tun Dogo yana rarrafe mahaifinsa ya ɗauko ta a baya, gyalenta ya shiga tayar baya ya naɗe, babur ɗin ya watsar da su a tsakiyar titi. Ita ta tashi da tabo a wuya, shi ko bai tashi ba. Daga ranar ko keke ba ta bari ɗanta ya hau ba, har ya zama malamin makaranta da ƙafa yake zuwa aiki.

Umma ta ja wuyan rigarta ta nuna tabon. "Kin ga wannan? Gyalena ne ya kashe min miji. Shi ne yanzu za ki kawo min babur cikin gida? To ki zaɓa, ko shi ko ɗana!"

"Umma," in ji Auta, "ni ma wurin haihuwata mahaifiyata ta rasu, ana jiran ungozomar da ba ta sami abin hawa ba. Daga kaina aka tsaya, shi ya sa ake ce min Auta. Tun ina yarinya na yi wa kaina alkawarin—"

"Allah ya jiƙanta. Ni dai na gama magana. Kai kuma, in na ji ka taka ƙofar gidansu ban yafe ba."

Dogo ya biyo ta waje idonsa jawur. "Sori, Auta, wallahi zan lallashe ta."

"Kada ka saɓa mata saboda ni," in ji ta. "Koma ciki." Ta riƙe kukanta har sai da ta sha kwana, sannan ta sake shi.

Kawunta bakanike, wanda ya raine ta, shi ya ɗauki nauyin koya mata a filin da ke bayan garejinsa. Kawu kuwa akwai baki!

"Ke, saki kulocin a hankali! Garwashi ne da za ki yar? Ga shi nan ya mutu kuma. Tayar da shi!"

Ta tayar, ya mutu, ta tayar, ya zabura da ita sai cikin tsofaffin tayoyi. Gwiwarta ta sale, yatsunta suka kumbura. Amma a hankali hannu ya faɗa. Ta iya sa giya, ta iya haɗa birkin gaba da na baya, ta iya ratsa robobin da Kawu ke jerawa ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Abu guda ne ya gagara. Tabon Umma ya ƙi barin idonta, don haka kafin ta hau sai ta tattare jelar dogon hijabinta ta zauna a kai ta danne tam. Hijabin ba ya zuwa kusa da taya, gaskiya ne, amma ya ɗaure mata wuya kamar akuya a turke. Hular kwano kuma ta ƙara danne shi daga sama.

"Waiga kafin ki tashi!" Kawu ke ihu.

"Ina kallon madubi, Kawu."

"Madubin ƙaniyarki! Akwai motar da madubi ba ya nunawa."

Ranar gwaji ta yi komai tsaf, har wasu samari da ke jiran layi suka tafa mata. Jami'in gwajin ya girgiza kai.

"Hannunki ya fi na maza da yawa, 'yar uwa. Amma kin tashi ba ki waiga ba, kin canja hannu ba ki waiga ba. A titi wannan mutuwa ce. Ba zan ba ki ba."

Abin duniya ya ishi Auta. Asibiti suka aiko cewa in ta sake faɗuwa za su ba wani aikin. Umma kuma ta aiko wa Kawu a jingine maganar aure. Ga Dogo shiru, ko a hanya suka haɗu sai ya sunkuyar da kai ya wuce, ya rame kamar mai jinya. Ta gwada ƙaramin hijabi, iska ta ɗaga shi ta rufe mata ido. Ta cusa babban cikin riga, ya ƙara shaƙe ta. Wayyo, Auta ta ci kuka ta ƙoshi, har Kawu ya daina tsokanarta.

"Ba babur ba miji, Kawu," in ji ta wata rana, tana zaune a kan taya. "Ni kam na shiga uku."

"To bar zuwa gidan matar nan mana! Kullum ki je ki share mata ƙyallaye, ita kuma ko kallonki ba ta yi."

"Ba ƙina take yi ba. Tsoro take ji."

Haka ta ci gaba. Duk ranar hutu sai ta je ta gaishe ta, ta share ɗakin, ta zura mata zare a allura tunda idon Umma ya fara rauni. Umma ta ce "sannu" a taƙaice, shi ke nan. Auta dai ba ta taɓa mayar mata da magana ba, kuma ba ta taɓa yi mata ƙaryar ta daina hawa ba.

Ana gobe gwaji na biyu, Umma ta dawo daga sayen zare ta ratso ta gefen filin. Ta yi niyyar kau da kai, amma ido ya ƙi. Daidai lokacin Kawu ya yi ihun "Waiga!" Auta, da ta gaji da faɗuwa, ta ɗan ɗaga daga kujera don wuyanta ya saki. Ta waiga kuwa, karo na farko. Sai jelar hijabin ta sulale ƙasa tana lasar tayar baya.

"Auta! Birki! Birki, 'yar nan!"

Ledar zare ta watse a ƙasa. Umma, wadda ke kukan ciwon gwiwa kullum, ta sheƙo da gudu ba takalmi. Auta ta taka birki, amma tayar ta riga ta cafke bakin hijabin. Ya fizge ta baya, ta faɗi, babur ya kwanta gefe yana gurnani har Kawu ya kashe shi.

Umma ta zube a kanta tana lalube wuyanta. "Kina numfashi? Yi min magana! Innalillahi, so kike ki kashe ni?"

"Lafiyata ƙalau, Umma."

Umma ta zare mata yagaggen hijabin, ta yafa mata nata mayafin, ta ƙudundune hijabin a hammata ta tafi. Auta ta bi ta da kallo. Yau kam Umma ta gani da idonta, magana ta ƙare.

"Gobe ba zan je ba, Kawu," in ji ta. "Na rasa Dogo, aikin ma ya tafi."

Da safe tana zaune ta haɗa kai da gwiwa sai ta ji sallamar da ta daɗe ba ta ji ba. Dogo ne, da leda a hannu.

"Kai! Umma fa ta ce—"

"Ita ta aiko ni. Buɗe ki gani."

Hijabinta ne, amma ya canja. An yanke shi daidai ƙugu, an sa masa roba a ƙasa yadda iska ba za ta ɗaga shi ba. A wuya kuma an ƙara ƙyalle ta kowane gefe, an yi masa tattara mai saki.

"Wallahi a kaina aka gwada shi," in ji Dogo. "Ta aro hular kwanon maƙwabcinmu ta kifa min, tana cewa waiga dama, waiga hagu. Ta farke, ta sake ɗinkawa, tana yi tana kuka. Wuyana har yanzu ciwo yake!"

Auta ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

A filin gwaji ta waiga kafin ta tashi, ta waiga kafin ta canja hannu, har jami'in ya ce, "To ya isa haka, kada wuyan ya cire! Kin yi fasin."

Daga can gidan Umma ta zarce. Ta tarar da ita a kan keke tana ɗinka wani irinsa, fari, kalar kayan asibiti. Auta ta durƙusa a gabanta.

"Kada ki ɗauka na daina tsoro," in ji Umma. "Duk ranar da kika fita, hankalina ba zai kwanta ba sai kin dawo. Amma na ga ko na hana ki ɗana ba za ki fasa ba, kuma ba ki taɓa yi min rashin kunya ba. Da a ce wata ta yi min irin wannan ɗinkin a lokacina, da baban Dogo..." 

Da Auta ta biye wa zafin zuciya ta mayar wa Umma da baƙar magana, da ba ta sami mai rugowa ba takalmi saboda ita ba. Iyaye sukan hana abu don tsoro ne, kuma haƙuri da ladabi su ke kai yaro inda gardama ba za ta kai shi ba.

Umma ta share ido da gefen zani, ta jawo awon ɗinki daga wuyanta.

"Tashi tsaye in auna ki. Wannan awon kuma na hijabin bikinku ne, kuma shi har ƙasa zan yi shi, don ranar dai a mota za a kawo min ke."