Ramin Ƙwai Mai Lamba Tara

Da hantsi aka tarar da rami mai lamba tara wayam, cikin shingen da Dakta Itzel Barragán ke binne ƙwan kunkurun teku don su ƙyanƙyashe, a garinmu, Barra de San Telmo. Ƙwai casa'in da huɗu, ko ɓawo ba a bari ba. Kwaɗon ƙofa kuwa lafiyarsa ƙalau.

Kafin 'yar sanda Sajan Nereida Olmedo ta iso, gari ya gama yanke hukunci: mai gadi ne ɓarawon, dattijon da muke kira Don Aurelio. Shekara talatin ya yi yana satar ƙwai kafin Dakta ta ɗauke shi aiki, mutanenmu kuwa ba su iya mantuwa ba. Hukumar da ke biyan aikin ta ce a sallame shi kafin Juma'a.

Sajan ta durƙusa a bakin ramin, kanta ya ɗaure. Ɓarawon ya kwashe har yashin gindin ramin. Me mutum zai yi da yashi a garin da yashi ke shiga mana har cikin abinci?

Don Aurelio bai kare kansa ba. Ya dai ce makullin shingen yana rataye a ƙusa, bayan ƙofar ɗakin da ma'aikata ke cin abinci. Dakta ta ce ita kam ta rasa abin da za ta yarda da shi.

Sai Sajan ta nufi wurin Fulgencio, wanda kowa ya san yana sayar da ƙwai a ɓoye da lemun tsami da barkono. Ya tambayi kwanan ƙwan nawa a ƙasa. Ta ce ashirin. Ya yi dariya har da tari.

"Haba ranki ya daɗe, wa zai ci wannan? Ai duk 'ya'ya ne a ciki. Aurelio ne ma ya koya mini."

Nan ta ƙara rikicewa. Ƙwai ba na ci ba, yashi ba na sayarwa ba. Ta koma ta tambayi Dakta wa ke ɗaukar ƙwai da yashinsa. Dakta ta ce su masu shingen ne, da duk mai niyyar sake binnewa, kuma bara ta koyar da hakan a bita ta kwana biyu. Sajan ta karɓi sunayen mahalarta. A cikinsu mutum ɗaya ce ke shiga ɗakin cin abinci: Doña Remedios mai masauki, wadda ke kawo musu wake da kifi kullum.

A bayan masaukinta suka ga sabon tudu, an kewaye shi da duwatsu masu fenti. Ashe Remedios ta yi wa baƙinta Turawa alkawarin za su saki jariran kunkuru da hannunsu.

"Ni ban kashe komai ba," in ji ta. "Yadda aka koya mana na yi, har da yashin."

Sajan ta ce yashin ne ya tona ta, don mai ci ba ya ɗaukar yashi. Dakta ta zauna a ƙasa. Abin da ta koyar na ƙwan da aka saka yanzu ne. Mai kwana ashirin, in aka juya shi, ɗan cikin mutuwa yake. Remedios kuwa a kwando ta kawo su, bisa babur.

Aka kira Don Aurelio a ba shi haƙuri, aikinsa yana nan. Bai ko dubi kowa ba. Ya tona tudun da hannu, ya ɗaga ƙwai ɗaya saitin hasken rana, ya daɗe yana kallo. Wallahi na tausaya masa.

"'Yata," ya ce wa Remedios, "da kin tambayi tsohon ɓarawo, da ya gaya miki."