Ramin da Vasemaca Ta Haƙa

“Ajiye shebur ɗin nan, Vasemaca!” Kawunta ne ya daka mata tsawa.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta sake kafta shi a ƙasa, gumi na bin wuyanta.

Da la’asar dangin saurayinta Peniasi za su kawo tabua, haƙorin dabbar teku da ake kaiwa neman aure. Momo Isikeli, kawun da ya riƙe ta, ya hana mazan gidan haƙa ramin lovo, inda ake gasa abincin biki da zafafan duwatsu, don baƙin su tarar ba gashi ba hayaƙi, su gane amsarsu. Wai mai digiri ba ta auren direban bas.

Taku goma sha biyar ta auna daga rufin madafa. Ta share busassun ganye, ta jera bokitan ruwa.

Sai ga Litiana, wadda ta daɗe tana hararo Peniasi, da baro cike da duwatsu sumul-sumul.

“Gudummawata, amarya...”

Vasemaca ta juya ɗaya. Sanyi ƙalau, har da gansakuka.

“Na kogi? Su fashe mini a fuska ko? Mayar wa kogi kayansa, Liti.”

Baƙaƙen duwatsun marigayi babanta ta tono a bayan gida, ta yi ta jida har tafukanta suka sale. Peniasi ya leƙo ta shinge, idonsa ya yi ja, yana roƙon ta bar shi ya shigo.

“Da tabua za ka shigo, masoyi, ba da shebur ba.”

Ta zube duwatsun a gindin ramin, ta fara ɗora itace a kansu.

Daga baranda Momo ya yi gyaran murya. Ya kau da kai. Ya sake kallo. Mutumin da duk garin Nausori ke kira idan za a yi lovo!

“Wa ya koya miki wannan ɓarna? Itace a ƙasa, dutse a sama! Digirin banza... Matsa.”

Ya tattare zanensa ya durƙusa bakin ramin, yana mita yana jerawa.

Ta sunkuyar da kai tana danne murmushi. Tun tana ’yar shekara bakwai babanta ya koya mata wanne ne a sama.

Da la’asar, da toka a faratansa Momo ya karɓi tabua.