Ranar da Umair Bai Zo Ba

Da allo a hammata Sundus ta fara ganinsa, wani dogon katako mai lanƙwasasshen baki, ga goshinsa a ƙuje kamar wanda ya yi faɗa da bango. Bayan la'asar ne, wata Laraba, ta leƙo ƙofar gidansu da ke Anbariyya don ta miƙa wa babanta kwanon yaji. Baba Abdulsalam ya shekara talatin yana gasa tsire a ƙofar gidan, abin da Larabawan Madina ke kira siriya, kuma ita ce mai dakan yajin tun da kafaɗar Umma ta fara ciwo.

Saurayin yana cewa a naɗe masa tsire mai yawa, shi da abokansa za su wasan zamiya a tuddan rairayin Badar. Baba na tambayarsa da Hausa, shi yana amsawa da Larabci, halin yaran da aka haifa a nan. Da ya ɗago ya ga idanu biyu a bakin ƙofa, sai Larabcin ma ya gudu ya bar shi. Ya juya zai gaishe ta, allon ya kwashe albasar Baba ya watsar a ƙasa.

Sundus ta yi dariya a cikin niƙabinta, ta maida ƙofa. Amma ta daɗe a bayan ƙofar fiye da yadda miƙa yaji yake buƙata.

Umair sunansa, ɗan unguwar Jurf, yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a otal-otal ɗin kusa da Harami. Ƙanwarsa tana koyarwa a makaranta ɗaya da Sundus, don haka ba a yi wata ba lambar jawwal, wato wayar hannu, ta san hanyar da ta bi.

Saƙonsa na farko ya ce: "Salamu alaikum, Mai Yaji. Ni ne na zubar da albasa. Ina neman afuwa, kuma ina so in zo gidanku ta hannun manya."

Ta karanta ya fi sau goma kafin ta amsa: "Wa alaikumus salam, Ɗan Rairayi. Afuwar albasa a wurin Baba take. Ka gyara Hausarka kafin ka zo, duk a ƙuje take kamar goshinka."

Haka suka yi wata bakwai. Yana aiko mata labarin abin da suka ci a daji, burodin tamis da dafaffen waken ful da kifin gwangwani, a kan tabarma ɗaya, kowa da hannunsa. Tana yi masa tsiya cewa namiji mai gemu yana sulu kamar ɗan yaye. Ta kamu da sonsa sosai, har in jawwal ɗin ya yi ƙara sai ta ji zuciyarta ta riga hannunta isa.

Da maganar ta kai kunnen Baba, ko ɗagowa bai yi daga naman da yake yanka ba.

"Mai allon nan? A'a."

"Baba, yana da sana'a. Yana salla a jam'i."

"Ban ce ba ya salla ba. Duk Alhamis yana daji da abokai. Ba na ba da 'yata ga mai tafiya da abokai, shi ke nan."

Umma ta yi wa Sundus ido cewa kada ta ja. Ga Mahmudu, ɗan aminin Baba mai shagon turare a Aƙiƙ, ya fara yawan zuwa sayen tsire yana zama har a tashi. Mutum ne natsattse, ba ya zuwa ko'ina sai shago da masallaci, kuma ya san wannan ne babban jarinsa a gidan. Sundus ba ta ƙi shi don wani aibu ba. Zuciyarta ce kawai ta riga ta yi wani wurin.

Umma ce ta yi ta lallaɓa Baba har ya sassauta kaɗan. Ya ce Umair ya zo da baffansa ranar Juma'a bayan la'asar, zai saurare su sau ɗaya. In bai zo ba, kada wanda ya sake ambata masa sunan yaron a gidan nan.

Ana cikin haka, a sanyin farkon shekarar 2007, labari ya bazu cewa dusar ƙanƙara ta sauka a Dutsen Lauz, can gaba da Tabuka. Ranar Laraba da azahar saƙo ya shigo.

"Habibti, kada ki yi fushi. Talj ya zuba a Lauz. Ni da Saif da mutum biyu za mu je mu gwada allon. Gobe da azahar mu juyo, Juma'a da safe ina Madina. Ita ce tafiyata ta ƙarshe, wallahi."

Ta rubuta da sauri: "Umair, don Allah kada ka je. Tafiyar kusan awa goma ce. Jibi ne fa. Ina jin tsoro."

"Mun riga mun wuce Khaibar, Mai Yajina. Saif bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firji, ni ma haka. Ki yi mana addu'a."

Saif shi ne babban amininsa, bakanike ɗan Chadi, wanda ba shi da kowa a ƙasar sai garejin da yake kwana a bayansa.

Alhamis da hantsi saƙonni suka yi ta zuwa daga gindin dutsen, cike da murna. "Fari fat, Sundus, har ido na ciwo." Sai wani: "Saif ya zo da silifa da safa biyu, yana ta zagin ƙafarsa." Sai wani: "Tsiren Baba da muka yi guzuri da shi ya daskare, kitsen ya koma fari. Mun ɗumama shi a kan injin mota, mun ci da tamis da shayi. Ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba."

Na ƙarshen ya ce: "Mun goga wa allon kyandir kamar yadda muke yi a Badar. Za mu hau sama, can babu sabis. Saif ne zai fara."

Daga nan shiru.

Azahar ta yi, la'asar ta wuce. Ta kira, aka ce wayar a kashe take. Ta sake kira, ta sake, har ta haddace muryar matar da ke faɗin haka. Ta zuba gishiri sau biyu a yajin ranar, Baba ya ɗanɗana ya dube ta. Ba ta iya gaya wa kowa ba, don faɗin inda Umair yake daidai yake da rushe maganar da hannunta. Tsoro biyu ne suka haɗe mata: kada ya makara, da kuma wanda ko a zuci ba ta so ta ambata.

Juma'a da safe ta aika: "Ɗan Rairayi, ko kalma ɗaya ce ka turo. Na yafe maka tafiyar. Ka dai ce min kana numfashi."

Saƙon bai shiga ba.

Bayan an sauko daga masallaci Mahmudu ya biyo Baba har zaure. Sundus na tsakar gida tana jin muryarsa, a hankali, cike da ladabi.

"Baba, ban so in zama mai kawo wannan ba. Yaron da kuke jira yana Tabuka tun shekaranjiya, wasan ƙanƙara. Kuma ana ta faɗa a Jurf cewa ɗaya daga cikinsu ya faɗo daga dutse. Ba a san wanne ba."

Taɓaryar da ke hannunta ta suɓuce. Ta zauna a ƙasa inda take. Umma ta fito da gudu ta riƙe ta, tana ta "Innalillahi" a hankali. Baba ya shigo, fuskarsa ta sauya gaba ɗaya, ya dubi 'yarsa.

"Kin san ya tafi?"

"Na sani, Baba."

Ya gyaɗa kai ya shige ɗaki. Rabon da ya ƙi hura wutar tsire ranar Juma'a har an manta, amma ranar bai hura ba.

La'asar na yi aka yi sallama. Baffan Umair ne, Malam Maikuɗi, tsoho mai sanda, kuma shi kaɗai. Sundus ta laɓe a bayan labulen zaure, ta toshe bakinta da mayafi.

"Alhaji, yaron yana raye, lafiyarsa ƙalau," shi ne abin da ya fara faɗa. Sundus ta jingina da bango, hawaye suka ɓalle mata.

Tsohon ya ba da labarin yadda Umair ya gaya masa ta wayar asibiti. Yaran sun ɗauki ƙanƙara kamar rairayi. A Badar sai an goga kyandir allo yake tafiya, kuma in ka faɗi, laushi ne har ƙasa. A Lauz allon ya tashi da Saif kamar an harba shi, ga dusar ba ta fi taƙi ɗaya ba, duwatsu ne zalla a ƙarƙashinta. Cinyarsa ta karye, kansa ya fashe. Umair ne ya goya shi ya sauko da shi, tafiyar awa uku, a nan jawwal ɗinsa ya faɗa cikin ƙanƙara ya ɓata.

"To da suka kai shi asibiti," in ji Malam Maikuɗi, yana kallon ƙasa don kunya, "sauran biyun suka ce su juyo, likitoci sun karɓe shi, ga shi kuma iƙamar Saif, takardar izinin zama, ta ƙare, kada a tsare su da tambayoyi. Suka ce wa Umair ya tuna yau ce ranarsa. Ya ba su makullin mota ya ce su tafi. Na yi masa faɗa, Alhaji, na ce aurensa yake jefarwa. Ya ce ya sani. Ya ce Saif ba shi da wanda zai faɗi ko sunan uwarsa a garin nan, ba zai bar shi ya farka a cikin baƙi ba. Ya ce in ba ku haƙuri, kuma duk hukuncin da kuka yanke bai ga laifinku ba."

Sundus ta runtse ido tana jiran kalmar da za ta raba ta da shi.

"Ya san in bai zo ba shi ke nan?" Baba ya tambaya.

"Ya sani."

"Kuma ya zauna."

"Ya zauna, Alhaji."

Da Baba ya sake magana, muryarsa ba irin wadda Sundus ta sani ba ce.

"Ina da ɗa, Malam. Abdulrauf. Shekara goma sha huɗu ke nan da ya tafi wankan teku a Yanbu da abokansa biyar. Ruwa ya ja shi, suka fito da shi yana da sauran rai. Suka ajiye shi a ƙofar asibiti suka gudu, tsoron tambaya. Ya yi kwana biyu yana kiran uwarsa, babu wanda ya san ɗan waye. Gawa na je na tarar, da lamba a ƙafa."

Sundus tana da shekara tara lokacin. An gaya mata ruwa ya ci yayanta, ba a taɓa gaya mata sauran ba. Ta waiwaya ta ga Umma a tsaye a bayanta, ta rufe fuska da hannu biyu.

"Tun ranar nake ƙin duk yaron da ya ce min abokai," Baba ya ci gaba. "Ka koma ka gaya wa ɗanka kada ya motsa daga gefen gadon nan sai yaron ya tashi. In ya dawo, na ba shi Sundus."

Kwana tara Umair ya yi a Tabuka. Ranar da ya sayi sabon jawwal, saƙon farko nata ne.

"Habibti, na yi wauta, na tsorata ki. Ki hukunta ni yadda kika so."

"Hukuncinka shi ne ka dawo. Ban taɓa jin tsoro irin na kwana biyun nan ba, Umair, kuma ban taɓa sonka kamar yau ba."

Mahmudu ya zo ya yi wa Baba murna, ya kuma aiko wa amarya da turare. Ba a sake ganinsa zaune a wurin tsire ba.

Bayan wata biyu aka ɗaura auren a zauren gidansu da ke Anbariyya, da la'asar sakaliya. Saif ya zo da sanduna biyu a hammata, ya rame, ya dage sai an sa shi cikin shaidu. Umair ya amsa duk tambayoyin da Hausa, yana tuntuɓe, tsofaffi na murmushi. Aka shafa fatiha, aka yi ta addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, mata a ciki suka ɗauki guɗa.

Da mutane suka fara tashi, Umair ya durƙusa gaban Baba zai sumbaci hannunsa. Baba ya riƙe hannun nasa gam, ya daɗe bai saki ba.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Sundus na bayan labule cikin kayan amarci, ta ji Umma ta damƙe mata kafaɗa.

"Kin ji?" Umma ta raɗa, hawaye na bin kuncinta. "Shekara goma sha huɗu ban ji ya kira wani da haka ba."