Wutar da Sallau Ya Kashe Ba Sallama

Ku matso. Ke Jummai, bar dariyar nan, ba ki san abin da zan faɗa ba.

Kun san Sallau, mai gadin tarin riɗin manoma? Su suka ba shi ɗan jirgin nan marar matuƙi mai kashe gobara. Ba ruwa, ba ƙasa. Gunji kawai yake yi, mai kauri, a ƙirji kake jinsa, sai wuta ta kwanta. Ni dai tun farko ban yarda da abin ba.

Ranar da matarsa Laure ta haihu, hankalinsa duk yana gida. Da magariba ya hango wuta a fadama, dab da riɗi. Kowa ya sani, wutar daji ba a taɓa ta sai an yi sallama, ko da mai ita a kusa. Sallau bai yi ba. Ya tada jirgi. Gunji ɗaya, wuta ta mutu.

Ya je dubawa. Ba hayaƙi. Ba toka. Murhu, tukunya, da wata mata a tsugune.

Ya ce a ransa, ɓarauniyar riɗi ce.

"Baiwar Allah, ke kika kunna?"

"Kai ka kashe?"

Bakinta bai motsa ba. Daga cikin tukunyar muryar ta fito. Ya haska ƙafafunta. Yatsun baya suke kallo.

"Ruwan jego nake dafa wa 'yata," ta ce. "Ga shi ya huce."

"Ki yi haƙuri, Inna. Ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba. Kashe wuta kake so? Na ba ka. Ba sai da jirgi ba."

Ya zura da gudu, ko jirgin bai ɗauka ba.

A gida, gwaggon Laure na hura wutar ruwan wankan jego. Sallau ya yi sallama. Wuta ta mutu. Aka sake hurawa. Ya ce, "Ya mai jiki?" Wutar ta sake mutuwa, har garwashin. Gwaggo ta ɗago, ta daɗe tana kallonsa.

Kun san mai jego da sanyi. Ya kama bakinsa, amma ko tari ya yi, shi ke nan, wuta ta mutu, ba ruwan wanka. Laure ta fara kumburi. Wallahi na tausaya masa, ko ɗansa bai ɗauka ba gwaggo ta miƙo masa tabarmarsa ta kan katanga.

Kada wanda ya bi hanyar fadama shi kaɗai da magariba. Sallau yana can har yanzu, yana neman matar nan, yana kwaɗa sallama, ba mai amsawa.